Rumbun Eliodoro

A bargo ya naɗo ta,
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Ya hau keken tudu na Valparaíso,
mai kukan tsohon ƙarfe,
ya tsaya a ƙofar shagona yana haki.
Ya ce, "Nélida, wai ba ta san rumbunta ba.
Shekara goma sha huɗu suna kwana ɗaki guda."

Na jona ta. Fanka ta juya,
koriyar fitila ta ƙifta sau ɗaya,
sai baƙin allo da farin layi:
babu faifai, babu inda za a tashi.

Na shiga bayos,
zauren da kwamfuta ke kiran sunan 'ya'yanta
kafin ta buɗe ido.
Ƙwaƙwalwa ta amsa.
Madannai sun amsa.
Gurbin faifai, wayam.
Agogonta ma ya koma shekarar da aka ƙera ta,
batirin nan mai kama da kwabo
ya mutu tuntuni, bai gaya wa kowa ba.

Noti huɗu, ɗaya ya yi tsatsa ya ƙi motsi.
Sukudireba ta zame ta yanke ni a babban yatsa.
Na tsotse jinin, murfi ya buɗe:
ƙura, gawar asu, jan gashin kyanwa.
Ya leƙo ya ce, "Kyanwar Herminia ce.
Wata biyu kawai ta ƙara a bayanta."

Na ɗora yatsu biyu a bayan faifan, na danna wuta.
In ya yi ƙas, ƙas, ƙas, to sai addu'a.
In ya yi tsit, ƙila wuta ce ba ta kai ba.
Amma ga shi yana ɓari ƙarƙashin fatata,
siririn gurnani, a hankali.
Da ransa. Maganar ce ba ta fita.

Na sauya masa ƙofa a uwar allo,
daga ta fari zuwa ta uku. Shiru.
Na hura, na goge, na mayar. Shiru.
Tsohon na kan kujerar nan mai gajeriyar ƙafa
yana juya hularsa a gwiwa,
can ƙasa wani jirgin kaya yana kiran tashar ruwa
ba wanda ya tanka masa.

Sai na zaro jar wayar
na kai ta bakin taga.
Haƙoranta bakwai, biyu sun yi kore.
Gishiri!
Iskar tekun nan mai cin ƙyauren gidaje
da gwiwar tsofaffi,
ita ta riƙa bi ta ramin fanka
tana lasa, tana lasa, ba gaggawa.

Sabuwar waya, kuɗinta bai kai na burodi biyu ba.
Na soka, ta ce ƙat.
Na koma zaure,
ga sunan faifan ya fito,
haruffa da lambobi, suna mara daɗin faɗi,
amma ban taɓa ganin mutum
ya kalli rubutu irin wannan kallon ba.

A ciki akwai jaka ɗaya mai suna Girki.
Murya sittin da uku.
Ya ce Herminia ce ke faɗin yadda ake romon kifi,
tana tari, tana faɗa da rediyo,
a wata ma tana kiransa ya sauke tukunya.

Na ce, "In kunna?"
Ya ce, "A'a. Bar ta. Na ga tana nan."

Na ce ya kwafe a wani wuri,
faifai ba ya ɗaukar alkawari.
Ya ce gobe.
Na san goben tsofaffi,
na kwafe masa a filashina mai tsagaggen murfi,
na cusa a aljihun rigarsa.

Ya naɗe ta a bargon, ya ƙi in riƙa masa.
Tsohuwar wayar tana nan kan teburina
kusa da kwalbar notuna.
Yatsan ya warke ranar Laraba.